Tikitin Da Na Sa Abokina Ya Yaga

A wancan lokacin albasa nake sayarwa a kasuwar Mile One, ni da wani ɗan garinmu da muka shigo Fatakwal a mota ɗaya. Ɗaki ɗaya muka kama a Diobu, kwano ɗaya muke ci, ran Asabar mu tafi gidan kallon ƙwallo tare.

Ana fara kakar wasa ya shiga shagon caca ya sa kuɗin da bai wuce na abincin kwana biyu ba, wai wata ƙaramar ƙungiyar Turai da ta sha da ƙyar a kakar baya ita za ta ɗauki kofi. Ya ce in kawo rabi mu raba riba. Na yi masa dariya a gaban 'yan Keke Napep, na ce gara in ci tsire da kuɗina. Sai ga ƙungiyar nan tana ta cin wasa, mako bayan mako. Kasuwa ta ɗauka, har Inyamurai maƙwabtanmu suka fara kiransa Oga, suna cewa kuɗin zai sai masa keke sabo fil. Ni kuwa duk ƙwallon da 'yan ƙungiyar suka ci sai in ji kamar an soka min wuƙa. A fili ina tafa masa, a zuci ina roƙon su sha kashi.

Saura wasa uku na kasa daurewa. Na kira mahaifinsa a waya, dattijo mai tsananin riƙo da addini, na ce masa ɗansa ya zama ɗan caca, wai tsoron Allah ne ya sa na faɗa. Washegari dattijon ya kira shi ya ce ko ya yaga takardar cacar ko ya yi masa baki. A gabana ya yayyaga ta ya watsa a kwata. Ni ne ma na dafa shi ina ba shi haƙuri.

Ƙungiyar ta ɗauki kofin. Da ya je gida da Sallah, ƙanwarsa ta gaya masa wanda ya kira. Ya dawo bai yi min faɗa ba. Ya tattara kayansa, ya ce kuɗin bai dame shi ba, wataƙila Allah ne ya raba shi da haram, amma ya so a ce hannun da na dafa shi da shi ran nan bai taɓa shi ba. Ya koma Onitsha, har yau ba ya ɗaukar wayata.

Caca ba alheri ba ce, na sani. Amma ni ba ita na ƙi ba, ci gabansa na ƙi, na fake da addini. 'Yan'uwa, kafin ku kai ƙarar wani da sunan gyara, ku tambayi zuciyarku: da tikitin nan a aljihunku yake, da kun buga wayar?