Gizo-gizon da Ya Rufe Ƙofarsa

Ni dai Allah ya yi ni da karambani, ɗan karatun da na yi kuma bai kai ya gyara ni ba. Da furfurata na taɓa yi wa gizo-gizo sallama, na tsaya ina jiran ya amsa.

Lokacin ina ƙasar waje, ina tuƙa wani ma'aikacin jakadancinmu a unguwar Mohandessin, ni da matata muna zaune a ɗan ɗakin saman bene. 'Yar maigida, mai karatun dabbobi a jami'a a Giza, tana kiwon wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, ya kai tafin hannuna, cikin akwatin gilashi da ƙasa a ciki. Da za su tafi gida hutu, ta hawo da shi har ɗakinmu.

Ta ce, "Baba, amana. Ruwa da gyare kawai. In ya shiga rami, a ƙyale shi."

Na ce tamam. Ashe kunne kaɗai ya ji.

Ba a jima ba ya shige raminsa, ya toshe baki da ƙasa da saƙa, shiru. Na sa gyare, gyaren ya yi ta yawo kamar gidan ubansa, dole na cire shi. Ni kuwa inda na tashi, in mutum ya kulle ɗaki ya ƙi abinci, ko ciwo ne ko fushi, kuma ba a barinsa, dubiya ake zuwa. Na yi sallama. Na ƙwanƙwasa gilashi. Har rediyo na kunna masa.

Da abin ya ishe ni, na ɗauki cokalin shayi na buɗe bakin ramin. Sai ga shi kwance rigingine, ƙafafu a sama. Na ce khalas, shi ke nan, amanar mutane ta mutu a hannuna. Mu kuma ba ma barin gawa ta kwana, sai na fara haƙa masa kabari a tukunyar shuka fulawa.

Matata ta fizge cokalin. "Malam, mai shi ba ta nan za ka binne? Liman ne kai ko direba? Mayar masa da ƙofarsa."

Na mayar.

Bayan wasu kwanaki, da safe, na tarar da shi a waje yana sheƙi, ya jawo tsohuwar fatarsa ya yar a gefe kamar mai fitar da wanki. Ashe saɓa yake yi. Sai dai ƙafa ɗaya babu, ta maƙale a tsohuwar rigar, kuma na san wanda ya firgita shi.

Da yarinyar ta dawo na gaya mata komai, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ma'alish, ba komai, Baba. In ya sake saɓa za ta tsiro."

Da ta sauka da akwatinta, na ce wa matata ni tausayi ne ya ja ni. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekarar da Innarku ta rasu ba ka samu zuwa gida ba, ai ɗakin nan ka kulle kanka, abinci ma a bakin ƙofa nake ajiyewa. Ka ga na zo da cokali?"