Gonar Sista

Dogon hutu a wurinmu ba hutu ba ne. Makaranta takan sallame mu daidai lokacin da gero ya wuce gwiwa, ciyawa kuma ta taso masa da faɗa, don haka duk ɗan garinmu Badarawa ya san ajiye jaka ɗaukar hauya ne. Mu mata mu kai fura gona, mu dawo da tafasa a bakin zane, gobe ma haka. Shekarar da na gama aji uku na sakandare ce karo na farko da damina ta same ni zaune a kan benci.

Gwaggona da ke aure a Kaura Namoda ita ta kawo labarin. Ta ce makarantar 'yan Katolika da ke bayan layin dogo tana buɗe darasin hutu, kuma daga cikin waɗanda suka zauna darasin ake zaɓar waɗanda za a ɗauka aji huɗu. Babu wata ƙofa sai wannan. Ni kuwa tun ranar da na ga 'yan matan makarantar sun wuce ta bakin kasuwar hatsi cikin shuɗin kaya, suna Turanci kamar ba ya yi musu nauyi a baki, zuciyata ta bi su ba ta dawo ba.

Babana direban babbar mota ne, yana can hanyar kudu da buhunan dawa, sai dai a ji shi a waya. Baffannina suka ce ba a kai 'yar Musulmi inda ake kaɗa ƙararrawa. Kakana, wanda maganarsa ke rufe kowace magana a gidan, ya bar su suka yi ta yi har yawunsu ya ƙafe, sannan ya dube ni. Uwargida yake ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce na fi ƙarfin tsoho mai goro a haƙori. Ya ce shi zai kai uwargidansa da ƙafarsa, ya ga malaman da idonsa. In ya ga mutunci a wurin, na zauna. In bai gani ba, mu dawo tare a motar yamma.

Shugabar makarantar Sista ake ce mata. Gajeriyar dattijuwa ce mai farin lulluɓi da tabarau, daga can ƙasashen kudu masu duwatsu, Hausarta ta kasuwa, namiji ya koma mace a bakinta ba ta damu ba. Ta fito har baranda ta tarbi kakana, ta rusuna ta ce masa Baba. Kafin ya tambaya ta kai shi wani ɗaki da tabarmi da butoci a bakin ƙofa, ta ce nan yaran Musulmi ke salla, kuma wanda ya ƙi yi ita ce za ta fara ja masa kunne. Na ga kafaɗun tsohon sun sauka. Aka rubuta sunana.

Muna fita ya tsaya cak a gaban ofishin. Akwai wani fili a nan, ba shi da girma sosai, an kewaye shi da fararen duwatsu da furanni ja da rawaya, tsakiyarsa ciyawa ce koriya shar, gajeriya, mai laushi kamar an shimfiɗa darduma. Ya tambaye ni na wane ne, na ce na Sista. Ya ce ina mijinta, na ce ai ba sa aure. 'Ya'ya fa? Na ce babu. Ya daɗe yana kallon wurin yana girgiza kai, ya ce Allah sarki. Ban kawo komai a raina ba, hankalina yana can wurin shuɗin yadi.

Aka ba ni benci a bakin taga, kuma duk wanda ya san ni ya san an ba kura ajiyar nama. Ni mai tafiya ce ina zaune. Malamin lissafi yana can yana fama da allo, ruwa yana kiɗa a kan kwano, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na alli suna shigowa tare, ni kuma ina kan ciyawar nan. Da tsakar rana akan kaɗa ƙararrawa, yaran Kirista su miƙe su yi addu'arsu ƙasa-ƙasa, mu mu yi shiru mu jira su. A cikin wannan shirun har ɗigar ruwa daga darbejiya ana ji. Wani lokaci fara ta yi tsalle daga cikin ciyawar, wani lokaci inuwar gajimare ta bi ta kanta a hankali ta wuce bango, ta nufi wajen tasha inda jirgi kan yi kuka sau ɗaya a kwanaki masu yawa.

Ban taɓa ganin ƙasar da ba a neman komai a wurinta ba sai wannan. A garinmu ko bayan ɗaki sai an soka kuɓewa. Nan kuwa ga ƙasa mai kyau, ga ruwa, an bar ta tana hutawa kawai ana kallonta. Nakan ga kaina kwance a kai da littafi, na gama makarantar, na zama wata wadda ban ma san sunan aikinta ba. Da yamma Sista takan fito da wani ƙaton almakashi tana datse gefe-gefen. Ta taɓa gaya mana a ajin Turanci cewa a garinsu ruwa ba ya ɗaukewa, kuma irin wannan ciyawar ce a ƙofar ɗakin mahaifiyarta. A kwali ta ɗauko ta cikin jirgi, tun tana da baƙin gashi, ta yi ta lallaɓa ta rani bayan rani da ruwan rijiya.

Wani ƙarshen mako gwaggo, wadda nake zaune a wurinta, ta tafi da ni bikin suna a Zurmi. Ranar Litinin na shigo makaranta da sauran lalle a hannuna, na ga yara sun yi cirko-cirko a gaban ofis. Na kutsa na leƙa. Babu ciyawa. Jar ƙasa ce a wurin, an yi mata kunya-kunya miƙaƙƙu kamar an sa zare. An tattara fararen duwatsun an jera su a gefe. Ciyawar da furannin an tula su a gindin bango, rana ta riga ta sha su. Ba sai an gaya mini ba, na san hannun. Kakana ne kaɗai ke lanƙwasa bakin kunya haka don kada ruwa ya gudu.

Maigadin makarantar, mutumin ƙauyen Banga, shi ya ba da labari, kuma bai ga laifin kansa ba. Ya ce ranar Asabar Sista ta tafi Gusau taro, sai ga dattijo ya sauka daga motar safe da samari biyu da garma, ya ce sun zo noman malam. A wurinmu duk wanda ya ba malami ɗansa ya san akwai ranar gonar malam. Ba a roƙonka, kai ne za ka duba ka ga ciyawa ta yi yawa ka zo. Maigadi ya ce shi ma ciyawar nan ta daɗe tana tsaya masa a rai, don haka ya buɗe ƙofa, har ruwan sha ya ɗebo musu.

Sista tana tsaye a bakin kunyar farko. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta je gindin bango ta ɗaga wani jan fure da ya yanƙwane, ta juya shi, ta sa yatsa ƙarƙashin tabarau. Sannan ta kira ni ta ce tana son ganin Baba. In ta yi fushi, ba ni ba aji huɗu. In kuma ta kunyata shi, shi da kansa zai ɗauke ni.

Ya zo da rigarsa ta Juma'a, fuskarsa a sake, har da tsokanata a hanya wai ko uwargida ta samu saurayi mai Turanci. Ya cire takalmi a bakin ofis ya zauna, ni ina raɓe a jikin ƙofa.

"Malama, ba sai kin yi godiya ba," ya ce. "Mace ba miji, ba ɗiya, haki ya canye miki gona muna kallo? Ai mu ad da kunya. Wake munka sa miki, shi ad daidai da wanga lokaci."

Ni ina ta roƙon Allah a zuci Sista ta ce na gode kawai a wuce wurin. Amma ba irin matan da ke shafa wa gaskiya mai ba ce.

"Baba, na ga wahalarka, Allah ya saka. Amma ba gona ba ne. Ciyawan nan ni na shuka shi."

"Haki? Shuka shi kinka yi?" Ya ɗan matso. "Don mi?"

"Don in duba shi in tuna gida."

Ban taɓa ganin kakana ya rasa inda zai ajiye idonsa ba sai ranar. Ya dubi hannuwansa, ya dubi taga inda kunyoyinsa ke kwance a rana. Ya gyara hular da ba ta karkace ba, ya ce a gafarce su, rashin sani ya fi dare duhu. Ya sa takalmi ya wuce ni a bakin ƙofa, ko uwargida bai ce ba.

Da gwaggo ta ji, ta ce in fara ɗaure kayana. Ta ce ta san ubanta: inda ya ji kunya ba ya sake takawa, kuma ba ya barin jininsa a wurin. Na ɗaure. Na ci gaba da zuwa aji kamar baƙuwa, ina kallon kowane abu kallon bankwana, allon da ƙararrawar da butocin bakin ƙofa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, na rasa wanda ya fi. A waje kuma waken bai san an yi ba, ya fito da ganye bibbiyu a kan kowace kunya, lafiya lau.

Wata safiya bayan ruwa ya kwana yana zuba, na ji ƙarar keke napep a bakin ƙofar makaranta. Na leƙa ta taga, na ga kakana yana sauka. Na fara tattara littattafaina. Sai na lura ba rigar Juma'a ba ce a jikinsa, tsohuwar taguwar gona ce, ya naɗe wando har gwiwa. Mai keken yana sauke masa buhuna suna ɗigar taɓo.

Kiri-kiri ce a ciki, an haƙo ta da saiwarta daga fadamar garinmu. Wannan ciyawar ita ce abokiyar gabar kakana tun yana saurayi. Shi ne mai bin ta har ƙarƙashin ƙasa ya zaro saiwar, ya shanya, ya ƙona, yana yi mata addu'ar da ba ta da daɗin ji. Sista ta fito baranda. Ya gaya mata shi bai san inda ake samun irin tata ba, amma wannan ba ta mutuwa, shi shaida ne, ya yi shekara da shekaru yana gwadawa. Ta yi dariya har ta riƙe ginshiƙi. Ta roƙe shi ya bar mata kunyoyin da ke jikin bango, tunda waken ya riga ya fito kuma shuka ba ta yi laifin komai ba.

Ya baje sauran da hauya, ya durƙusa, ya fara dasawa. Can sai ita ma ta cire takalmi ta shiga taɓon, tana miƙa masa yana sokawa. Ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa, yara suka miƙe, aji ya yi tsit, Sista ta tsaya inda take ta sunkuyar da kai da ciyawa a hannunta. Shi ma ya dakata ya jira ta, kamar yadda muke yi. Wani siririn yayyafi yana sauka a bayan taguwarsa. Har yau in na rufe ido haka nake ganin su.

Da aka tashi na same shi a bakin rijiya yana wanke ƙafa. Na tsaya ina jira ya ce in je in ɗauko kayana. Bai ɗago ba ya ce:

"Uwargida, ranar da kinka zo gida hutu, kak ki hwaɗa ma kowa abin da kinka gani yau. Mutanen Badarawa ba su da mantuwa."

Na ce to. Sai na durƙusa na karɓi butar ina zuba masa. Da yamma na kwance kayana.

Na ci jarrabawar shiga aji huɗu, tela ya auna ni, na sa shuɗin yadin. Waken Sista ya yi 'ya'ya har aka yi mana alala da shi. Kiri-kiri kuwa ta kama, kamar yadda ya yi alkawari. Sai dai hannun da ya dasa ta bai san wata shuka ba sai ta layi. Sista ta yi ta fama da almakashi tana jira ta haɗe ta zama darduma, amma har na gama makarantar, in ka tsaya a tagar ajinmu da safe raɓa ba ta bushe ba, za ka ga layukan kakana a cikinta, miƙaƙƙu, bakin kowanne a lanƙwashe don kada ruwa ya gudu.