Ranar da Na Yi wa Mai Shayi Goge

Shekaruna saba'in da huɗu a bana, al'amarin nan kuwa ya auku shekara shida da suka shige. Tun ina saurayi nake goge a Mubi, bisa ƙa'idar da na gada: makaɗi ba ya sauke gogensa sai mai gida ya miƙe tsaye.

Wani matashi mai ɗakin ɗaukar sauti a bayan kasuwa ya aiko mini. Sana'arsa haɗa kiɗa ya sayar wa masu fim da masu talla. Ya ce wani kamfanin sabulu na son goge na rabin minti, in na kasa kuwa akwai wani makaɗi a Michika. Wannan makaɗi ni na koya masa riƙon goge, ba zan lamunta a ji shi a talabijin kafin ni ba.

Ya shigar da ni ɗakin da aka manne wa katifu a bango, ya koma bayan gilashi. Na fara. Ya ɗaga hannu, ya sake ɗagawa, ban kula shi ba.

"Baba, in na ɗaga hannu sai a tsaya."

"Ɗana, kai sa'an jikana ne. Samo mini mai gida."

Ya fita ya jawo mai shayin bakin titi, dattijo ne daidai gwargwado. Na ara masa babbar rigata, aka zaunar da shi gabana, aka ce da ya ga alama ya tashi. Na ja goge. Mutumin ya kishingiɗa, ya lumshe ido, alama ta yi ta wucewa.

"Tashi mana, Malam!" in ji matashin.

"Bari tukuna. Tunda uwata ya haife ni ba a taɓa yi mini goge ba."

Muka sake, ya ma ƙara gyara zama. Matashin ya ciro wayarsa, na tabbata Michika zai kira. A karon ƙarshe sai ga telan maƙwabta ya leƙo ta gilashi, yana ɗaga guntun burodin da akuya ta ci ta rage a teburin shayi. Mai gidana ya zabura da rigata, ni kuma na sauke goge nan take. Matashin ya duba na'urarsa ya yi kabbara: rabin minti ya cika daidai. Wannan ɗaukar ce kamfanin ya karɓa, wayar Michika kuwa ba a buga ba.

Wanda ke shakka ya tambayi telan, ko matashin, ko mai shayin, dukansu suna raye.