Numfashi a Ƙarƙashin Daɓe

Akwai wata Talata a farkon damina da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ina mataimakin jami'in kiwon kifi a sashen gona na ƙaramar hukuma, aikina zagaya masu tafkunan kifi da rubuta rahoto duk ƙarshen wata. Shugaban sashenmu ya kira ni ya ce mai unguwa ya aiko daga wajen Ƙofar Gayan kan wani abu da ake ji a wani ɗakin kwana, duba-gari sun je sun rasa gane kan abin, ni ma in leƙa. Na tambaye shi ina ruwan mai kifi da ɗakin kwana, ya ce in je dai.

Gidan wani Alhaji Balarabe ne. Da rani ya sa Malam Tanimu magini ya yi wa mahaifiyarsa sabon ɗaki, aka cike ƙasansa da manyan curin busasshiyar laka daga kududdufin bayan ganuwa, aka yi daɓe. Tun ruwan fari tsohuwar ta ce tana jin ana numfashi a ƙarƙashin tabarmarta, ta kwashe kayanta ta bar ɗakin. Da yake an yi 'yar sa-in-sa da maginin wajen aikin, magana ta bazu cewa shi ya binne wani abu. Gidaje biyu sun riga sun sallame shi, kuma a ranar ake shirin kai ƙararsa gaban hakimi.

Na sami maginin tsugune a zaure, hularsa a hannu. Ba wanda ya zauna kusa da shi.

Da rana tsaka muka shiga, amma ɗakin duhu, ga sanyi. Danshi ya taso ta kusurwar gabas, daɓen ya tsage, a cikin tsagar akwai ɗan rami da yatsa ba zai shiga ba. Muka yi tsit. Can sai na ji an ja doguwar iska, da ƙara irin ta tsoho mai majina a ƙirji. Ba zan yi muku ƙarya ba, na kama duk addu'ar da ta zo bakina. Na ɗora 'yar auduga a bakin ramin. Ta motsa.

Ƙarnin da ya daki hancina ne ya dawo da ni hayyacina. Ga waɗanda ba aikinsu ba ne: kifi yana zuƙar ruwa ta baki, ruwan ya bi ta jan naman nan mai tsaga-tsaga da ke cikin kumatunsa, a nan jini ke ɗaukar iskar da ke cikin ruwan. Shi ya sa in ka fitar da karfasa waje naman sai ya manne, ta mutu ga iska ko'ina. Gaiwa ce daban, ita huhu gare ta. In kududdufi ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar shan iska, ta yi watanni tana jiran ruwa.

Na ce a kawo fartanya. Alhaji ya ƙi, ya ce a zuba siminti a toshe, kowa ya huta. Sai a lokacin Malam Tanimu ya yi magana daga bakin ƙofa.

"Alhaji, in ka toshe, da sunana ka toshe. A tona. Ko mene ne, a gan shi a gabana."

Ba wanda ya yarda ya taɓa fartanyar, shi ya tona. Ya ciro curin ya ajiye a tsakar gida, na kwarara masa ruwan buta. Lakar ta buɗe a hankali, wata gaiwa mai tsawon kamu guda ta warware, ta wage baki ta ja iska da ƙarar nan da muka ji a ɗaki. Matan gida suka watse. Alhaji ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa magini hannu ya nemi gafararsa.

Malam Tanimu ya karɓi hannun, amma bai yi murmushi ba. A hanya ya ce mini, "Malam, da ta mutu a ciki fa? Da jikokina ma sun gaji wannan magana."

Tun daga ranar, in an kira ni kan abin da mutane ke tsoro, ba na tsayawa ga bayanin baki. Ku ma ma'aikata, ku fito da abin fili kowa ya gani, don ma'aikaci in ya gama bayani gida zai tafi, wanda ake zargi shi zai ci gaba da zama a unguwar. Ko bayan an ga gaiwar da ido, cikin gidaje biyun nan ɗaya ne kawai ya sake kiransa aiki.