Yaya Binta da ’Ya’yan Farin da Takarda ta Tsallake

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Binta makwancinta, a maƙabartar da ke gabashin ƙauyenmu a ƙasar Baure. Da damina ta rasu, gero ya fara fid da kai. Ni kaɗai na rage cikin ƙannenta, kuma duk sa’ad da na shaƙi ƙamshin ruwan farko sai ta faɗo mini a rai, domin damina ce lokacin aikinta. Da ajami na rubuta wannan kamar yadda na saba, aka juya mini shi zuwa boko saboda jarida.

Ungozoma ce. Rabin mutanen garinmu ita ta yanke musu cibi. Shi ya sa da wata ƙungiya ta ƙasar waje ta kawo maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara, ta hannun ma’aikatan lafiya na ƙaramar hukuma, mai gari bai yi dogon tunani ba ya ba da sunanta cikin masu rabo. Wata-wata cikin damina ake bi gida-gida, a narka ƙwaya a ruwa a ba duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a bar wa uwa na sauran kwana biyu. Kafin zuwan maganin nan mun san watannin da ake yawan haƙa ƙananan kaburbura. Ni da ake kira in yi musu salla na fi kowa sani.

A gidana kuskuren ya faru. Ɗana Lawal yana da mata, Rabi, ɗanta na fari kuwa sunana aka sa masa, muna ce masa Abba. Shekararsa uku a lokacin. Ranar rabon farko Yaya tana wata unguwa, mu kuma ’yan mata biyu aka turo mana da takarda a hannu. Abba ya bi kakarsa gidan suna. Suka ce wa Rabi, “Yaranki nawa? Faɗa mana sunayensu.” Ta juya musu jaririyar da ke bayanta. Suka ce shi ke nan? Ta sunkuyar da kai. Suka ba jaririya magani, suka yi alama da alli a bango, suka wuce.

Wanda ya tashi a birni zai ce sakaci ne. Ba sakaci ba ne. A wajenmu macen da ta sami tarbiyya ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kuma nuna shi ga baƙi ta ce nawa ne, balle wanda ke ɗauke da sunan surukinta. ’Yan matan nan su ma Hausawa ne, sun san haka. Amma takardar da ke hannunsu ta ce uwa za a tambaya, wanda ya tsara ta kuwa a ƙasarsu uwa da ɗan fari take fara lissafi.

Ba a yi wata ba zazzaɓi ya kwantar da Abba. Kwana biyu yana zafi, a na uku ya sandare, idanunsa suka juye. Lawal ya ɗauke shi a babur, kakarsa na rungume da shi a baya, sai asibiti a Daura. Sai da aka ƙara masa jini. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Rabi ba ta bi su ba, ko a wannan hali kunya ba ta sake ta ba. Bayan madafi Yaya ta same ta, ta cusa gefen zane a baki tana kuka don kada a ji. A nan ta faɗa mata abin da ya faru.

Yaya ba ta yi mata faɗa ba. Washegari ta bi gidajen gari ɗaya bayan ɗaya, ta tarar ba Abba kaɗai aka tsallake ba. Duk gidan da ɗan fari ya fita wasa, ko aka kai shi yaye wajen kaka, sunansa ba ya cikin takarda. Ta same ni a zaure ina wanke allo.

“Malam, ajiye allon nan ka ɗauko takarda,” in ji ta. “Tun kana yaro ba abin da ka iya sai rubutu. To yau ga ranarsa.”

Tana faɗar sunayen yaran da aka tsallake ina rubutawa, har muka cika shafi.

Da masu duba aikin suka zo, akwai wata Baturiya dattijuwa a cikinsu, likita ce. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai gari, kowa yana godiya. Yaya ta bari aka gama, ta dubi tafintan da ke fassara wa Baturiyar magana.

“Gaya mata maganinta mai kyau ne. Tambayarta ce ba ta da kyau.”

Ya ce, “Inna, haka zan faɗa?”

“Haka za ka faɗa. Ko jira za ka yi in koyo Turancin?”

Ya faɗa. Matar nan ta saurari labarin Abba har ƙarshe, ta cire tabarau. Ban ga ɓacin rai a fuskarta ba, kunya na gani, irin tamu. Can ta ce, to wa ya kamata a tambaya? Yaya ta ce, “Kaka. Ita ba ta jin kunyar kowa.”

Daga ranar rabo ya canza a garinmu. Yaya takan tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya: “Salamu alaikum! Ina tsohuwar gidan? Fito mini da mazajenki duka, har da masu ƙwace miki su!” Sai ka ga tsohuwa ta fito janye da jika tana cewa, “Ga angon nan, ko cefane ba ya yi, sai cinye mini tuwo.” A yi dariya, yaro ya haɗiye ɗacin bai sani ba. Ƙananan kaburbura suka ragu. Ban ƙirga ba, amma na san na daina yawan ajiye fartanya ana kirana.

Yanzu muna ji a rediyo cewa ƙasashen da ke ba da irin wannan taimako suna janye hannu. Na sha tambayar kaina abin da Yaya za ta ce. Na san ba za ta zage su ba. Takan ce mutumin da ya sayi magani don yaron da bai taɓa gani ba, wanda ba addininsu ɗaya ba, ba yarensu ɗaya ba, ya cancanci a roƙa masa alheri, kuma ta roƙa. Amma na san za ta ɗaura mayafi ta tafi sakateriya, ta zauna a bakin ofis har a fito, ta tambaya a gaban kowa: yaran nan na waye? In baƙo ya gaji, mu ma mun gaji ke nan? Ni ba ni da bakinta. Alƙalami kawai gare ni, shi ya sa nake yin tambayar a nan, ga duk wanda Allah ya ɗora wa nauyinmu.

Abba ya zama saurayi, shi ke riƙe mana shanun huɗa. Rabi ce ta gaji aikin Yaya. Har yau ba ta kiran sunansa, amma ba gidan da za ta shiga ta fita ba ta ce, “Ban da na goye, ina wanda ba a faɗa?”

Bana ba a ce mana maganin zai zo ba, ba a kuma ce ba zai zo ba. Duk da haka makon jiya Rabi ta zagaya gari, ta dawo ta durƙusa daga bakin zaure tana faɗa mini sunayen yara ina rubutawa. Da ta zo kan wani yaro mai irin sunana sai ta ce, “Mai sunan Malam.” Na yi dariya har hawaye ya zo mini, na rubuta.

Allah ya jiƙan Yaya Binta, ya haskaka kabarinta. Takardar tana cikin gafakata, ba ɗan farin da aka tsallake. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.