Ranar da Yaya Ya Ƙi Tuɓe Takalmi

Shekarar da aka buɗe ƙofar jam'iyyu, wana ya wayi gari ɗan siyasa. Mutumin da jiya yake auna wake a kasuwar Gazawa, yau ba ya buɗe baki sai ya ce demokaraɗiyya. Ni ina koyarwa a lakol, wato makarantar boko, don haka ni na rubuta masa jawabin da zai yi ran kasuwa, na farko a rayuwarsa. Ya haddace shi har da inda zai yi gyaran murya.

Ana gobe mitin, ampilin jam'iyya, akwatin nan mai ƙara murya, ya shaƙe. Muka kai wa mai gyaran rediyo, wani siririn mutum da ke aiki ba takalmi, kuma ba ya taɓa cikin na'ura sai ya fara dafa ƙarfen ƙofa. Ya sa wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu kamar kyankyaso, wanda ya sayo daga tsallaken iyaka, shi kaɗai ya rage masa. Ya gwada, murya ta fito tangaran.

Lokacin ɗari ne, iska a bushe. Kafin a rufe akwatin, Yaya ya matso cikin rigar nailan da takalmin roba mai sheƙi, wai zai duba aiki.

Mai gyara ya ce, "Alhaji, hidda takalmi ka dahwa ƙarhen nan tukuna. Jiki na tara wuta, irin wadda ke ƙara in ka tuɓe riga. Ita ke kashe abin nan."

Yaya ya dube shi sama da ƙasa. "Ni in tuɓe maka takalmi? Ko gaban sarki mun daina! Zamanin ya wuce, malam."

Na san mai gyara ke da gaskiya, amma ban goyi bayansa ba, don ni ma lokacin bakina cike yake da 'yanci. Har yau ina jin haushin kaina.

Yaya ya miƙa yatsa ya taɓa ɗan baƙin abin. Ƙas! Ya janye hannu yana yarfewa. Ba hayaƙi, ba ƙauri. Aka kunna, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Nan take ya ce 'yan adawa ne suka saye mai gyara.

Washegari ya hau amalanke a bakin kasuwa ya yi ta ƙwala murya, jijiyar wuya ta tashi, lasifikar abokan hamayya kuwa na zuba kiɗa daga can gefe. Ina ganin leɓensa na motsi da kalmomina, ban ji ko ɗaya ba. Tausayinsa ya kama ni. Mutum ɗaya ce ta tsaya har ƙarshe, wata tsohuwa da ƙwarya a ka. Da ya sauko, gumi sharkaf, ta matso.

"Ɗana, maganin naka na basir ne ko na shawara?"