Kulkin Kofur Mai Maganin Ciwon Baya

Katanga ɗaya ce tsakanin madafina da zauren da Kofur yake haya a Talata Mafara, kuma katangar ba ta da tsawon rufa wa kowa asiri. Ɗan sanda ne, baƙo daga can wajen Filato, Kirista, mai gaisuwa har ƙasa. A shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya cika kanal kowa ya koma shinkafa rani da damina, aka ba shi wani kulki a wurin aiki, baƙi, mai haƙoran ƙarfe biyu a baki. In ya danna sai ya yi ƙarrr, shuɗiyar wuta ta yi tsalle tsakanin haƙoran. An ce na kwantar da mai gardama ne ba sai an harbe shi ba. Caji ake yi masa a bakin tasha, a jere da wayoyin mutane.

Ban taɓa jin ya kwantar da ɓarawo da shi ba. Abin da na sani, wata rana kunama ta harbi wani mai yankan shinkafa, aka kawo shi yana birgima, sai wani mai ilimin da ba a tambaya ba ya ce ya ji lantarki yana kashe dafi. Kofur ya ƙi. Aka haɗa shi da Allah, aka haɗa shi da iyayensa. Ya ɗora kulkin a dunduniyar mutumin ya danna. Mutumin ya kurma ihu, ya miƙe, ya ce ya daina jin kunamar. Ni ma da ni aka yi wa, da na manta da kunama har da sunan garinmu.

Daga nan asibiti ya buɗe. Ranar Talata in kasuwa ta ci, mutanen Janbako da Damaga da Dosara sai su ajiye buhunansu su yi layi a ƙofar zaure. Mai gwiwa, mai ƙugu, mai sanyin ƙashi, har da wanda ya kawo jaki. Kofur ba ya karɓar komai sai godiya. Kullum yakan faɗa musu abin da aka koya masa: ban da kusa da ƙirji, ban da jiƙaƙƙen jiki, ban da tsoho. Tsofaffin suka ce su ba su tsufa ba. Ina tuƙa tuwo ina jin ƙarrr, sai ihu, sai salati, sai dariya. Har na kai ina gane mutumin Damaga daga ihunsa.

Maigidana manomi ne, gonarsa tana bakin kanal ta wajen Bakura. Dashen shinkafa ya cinye masa baya har salla a zaune yake yi. Amma ni ba bayan ne ya dame ni ba. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura. Ƙafafunsa suna cika kamar an hura, in ya hau ɗan tudun kanal sai ya tsaya yana haki. Ranar da na ga ya tsaya yana sauraron ihun maƙwabta da sha'awa, na tare shi.

Na ce, "Malam, in kat tahi wurin kulkin ga, ban yahe ba."

Ya ce, "Ke, baya za a taɓa, ba zuciya ba. Mi ya haɗa su?"

"Jiki guda ya haɗa su."

"Iri ya isa dashe. In ban duƙa ba, wa ka duƙa min? Ke?"

Gaskiyarsa, iri ba ya jiran mai ciwo. Don haka na bi ta bayan fage. Na kira Kofur ta katanga na roƙe shi, in Malam ya zo ya ce caji ya ƙare. Ya ce, "Na ji, Mama." Ya kuwa cika alkawari. Duk zuwan da Malam ya yi, caji ya ƙare.

Sai dai Malam ba yaro ba ne. Wata Talata ya shiga layi kamar kowa, ya tsaya har aka gama da na gabansa, kulki yana ƙara a kunnen jama'a. Dattijo ne, maƙwabci, wanda Kofur yake kira Baba yana cin tuwon gidansa. A gaban mutanen ƙauyuka uku, ba yadda za a yi Kofur ya ce masa koma gida.

Ina wanke-wanke na ji muryar Malam ta katanga: "Nan, tsakanin kahwaɗu. Ƙasa kaɗan." Na miƙe da kumfa a hannu. Na ji ƙarrr. Na jira ihun, bai zo ba. Abin da ya biyo baya ƙara ce kamar an sauke buhu daga kan jaki.

Kafin a samo mota ya cika. Aka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, amma yardar ba ta rage mini haushi ba. Har yau ina jin haushinsa, ina kuma kewarsa, duka a lokaci ɗaya. Kofur ya mayar da kulkin wurin aiki, ya zo ya zauna a ƙofar gidanmu duk kwanakin makoki yana share ido da hula. Na so in tsane shi na kasa, wannan ma ya ba ni haushi.

Cikin masu gaisuwa har da wata tsohuwa daga Dosara. Ta yi mini ta'aziyya mai tsawo, ta yi addu'a mai kyau har na yi hawaye. Sannan ta matso ta rage murya.

"Ɗiyata, an ce kahin ya hwaɗi sai da ya miƙe sak?"

Na ce haka waɗanda suke wurin suka faɗa.

"To kin gani. Bayan nashi ya saki." Ta shafa gwiwarta, ta dubi katanga. "Shi yaron ga, yaushe za a maido mashi kulkin?"